Ranar da Aka Yi wa Jirgi Shimfiɗa

Tun da na dawo ban huta ba. A Islamiyya, kafin malama ta shigo, sai a kewaye ni: "Maman Ummi, wai da gaske kin shiga jirgi?" A gidan biki haka, a gidan gaisuwa ma sai wata ta matso ta raɗa mini tambayar. Maƙwabciyata kuwa ta kan katanga ta leƙo tana so ta ji ko a sama ana jin kiran sallah. Na faɗa har muryata ta dishe, kuma duk wadda na ba labarin sai ta ƙara nata a gaba, har ya dawo mini cewa wai ni na tuƙa jirgin. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi yadda ya faru, da sunan Allah, kowa ta karanta ta huta, ni ma in huta.

Ina da ƙane, Sani, shi ne autanmu. Ni na goye shi, kuma tun rasuwar Innarmu ni ce uwarsa. Walda ya koya a nan Daura, daga baya wani kamfani mai haƙa rijiyoyin burtsatse da kafa tankunan ruwa a ƙauyukan Nijar ya ɗauke shi aiki. A wani ƙauye da ake kira Tudun Gawo suka kafa tanki, can ya ga Rakiya tana ɗiban ruwa, tanki ya tsaya, shi ma ya tsaya. Bayan aure ya kawo ta Daura, da ciki ya tsufa ta koma gida goyon ciki. Cikin bazara aka aiko mana ta sauka lafiya, an sami 'ya mace. Ni ce gwaggo, ba ni da wata da zan tura. Na haɗa turamen atamfa, da kayan jarirai, da sabulu, na kuma daka yajin jego da hannuna, mai citta da kanumfari da barkono, na cika ƙaton bokiti mai murfi.

Malam, wato maigidana, ya ce shi zai kai ni har iyaka ya damƙa ni a hannun Sani. A tasha aka zaunar da mu mata a baya, maza a gaba, yadda ake yi tun da aka ƙaddamar da shari'a. Kusa da ni wata dattijuwa ce mai zuwa Mai'aduwa, riƙe da zabi biyu. Tun daga bakin gari take ba ni labarin ciwon gwiwarta, zabin kuma suna tsattsagar mini gefen hijabi, in na janye sai ta ce, "Bar su 'yar nan, son ki suke yi."

A Kongolam muka tarar da Sani yana jira, ya yi baƙi ya rame, sai haƙora. Malam ya kama hannunsa ya ce, "To ga amana nan. Kwana uku na ba ta. In ta ƙara ko ɗaya, kai za ka zo ka dafa mana tuwo." Sani ya ce, "Malam, ai da walda zan liƙe ta a kujerar mota in dawo maka da ita." Muka yi dariya muka rabu.

Ni dai iyaka a zatona wata doguwar katanga ce. Ashe igiya ce da tsofaffin tayoyi. Mutanen can da na nan fuska ɗaya, harshe ɗaya, har mai ƙosai ɗaya ke sayar wa kowane ɓangare. Kaki ne kawai ya bambanta. A wajen duwan, wato kwastan ɗinsu, wani dogon jami'i mai gashin baki ya nuna bokitina ya ce, "Madam, mene ne a ciki?" Na ce yaji ne. Bai yarda ba. Ya buɗe, ya sunkuya ya shaƙa da ƙarfi. Wayyo! Bawan Allah ya yi atishawa har hularsa ta faɗi, ya sake, ya sake, hawaye na zuba. Abokan aikinsa suna riƙe ciki. Da ya samu numfashi ya ce, "Wa za ki kashe da wannan?" Na ce, "Mai jego ce, ranka ya daɗe." Ya ce, "Allah Ya ba ta haƙuri." Amma kafin mu wuce sai da ya kawo 'yar leda ya ce a ɗiba wa matarsa.

Daga kwalta muka sauka muka shiga wata tsohuwar a-kori-kura, muka nausa cikin rairayi. Ba hanya, sai sawun taya. Sau da yawa maza suka sauka turi, mu kuma muna sama muna salati, ni na rungume bokitin yaji kamar jariri. Da la'asar sakaliya muka hango tankin Sani a kan dogayen ƙafafunsa na ƙarfe, sannan garin ya bayyana a bayansa.

Wadda ta fara tarata ita ce kakar Rakiya, Iya Gambo, wata 'yar ƙaramar tsohuwa mai baki kamar reza. Ita ke yi wa Rakiya wankan jego. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ce yayar mijin nawa? To sannu. Ku mutanen Najeriya da hijabi har ƙasa, ai kun huta da sayen tsintsiya." Na ce, "Iya, mijin naki ma ai ni na raina miki shi." Ta ce, "Shi ya sa ba shi da ƙiba." Daga nan muka shirya.

An sauke ni a wani ɗaki da aka malale ƙasansa da farin rairayi mai laushi, kullum da safe a tankaɗe shi a zana masa ado da yatsa. Ga gadon kara, ga randa mai sanyi a lungu. Furarsu ta fi tamu tsami, nono kuwa ba a yi masa rowa. Shayi a 'yan mitsi-mitsin kofuna, ɗaci kamar maɗaci, kuma sai ka sha zagaye uku, in ka tsaya a na farko ka raina mai gida. Likita su lokotoro suke cewa, makaranta lakwal. Wankan jego dai irin namu ne, sai dai nasu ya fi tsanani: rabin duro ake girkawa a bayan ɗaki safe da yamma, a tafasa shi da ganyen darbejiya, Iya ta tsaya da reshe a hannu, ko kuka Rakiya take yi ba a ragin ko kwarya ɗaya.

An yi suna lafiya, yarinya ta ci sunan Innarmu, Hauwa'u. Na yi kuka na yi dariya.

Washegari ne, ranar da ya kamata in fara haɗa kaya. Tankin garin yana yoyo, kamfani ya ce tunda Sani yana nan shi da abokin aikinsa Isufu, su liƙe shi. Tun daren suna aka yi shela kowace mace ta cika randarta, don za a juye tankin kaf, ba ruwa sai gobe. Da hantsi ina zaune ina yi wa jaririya wasa, sai na ji wata ƙara kamar an yar da buhu, sannan salati.

Ban san yadda na fita ba, ko takalmi babu. Na tarar da Sani kwance rigingine a gindin tanki. Matakin tsani ne ya karye da shi daga can sama. Idonsa biyu, yana kallona. Ya ce, "Yaya, ƙafafuna fa? Ba na jin su."

Mutane suka yi caa, wannan ya kama hannu, wancan ya ce a zaunar da shi, wata ta kawo ruwa. Abu ɗaya na tuna daga ƙungiyar agaji ta sakandare: wanda ya faɗo daga sama ba a ɗaga shi. Na durƙusa a saitin kansa na tallafe shi da tafin hannuwana biyu, na ce, "Don girman Allah kada wanda ya taɓa shi!" Aka kira mai ɗorin garin, wani tsoho mai natsuwa. Ya zura hannu a hankali ƙarƙashin bayan Sani, ya lalluba, sannan ya zare ya ce, "Wannan ba nawa ba ne. Ku ji maganar baƙuwa." Allah Ya saka wa tsohon nan da alheri.

Isufu ya kira ofishinsu na Damagaram, yana ta zuba Faransanci yana nuna sama da hannu kamar suna ganinsa. Ya dawo yana haki ya ce kamfanin yana da yarjejeniya da masu jirgin ɗaukar marasa lafiya, saboda ma'aikatansu da ke cikin daji. Sun tambaya ko Sani yana numfashi sosai, ko yana magana, ko jini na zuba. Sun ce in aka sa shi a mota a wannan hanya, ƙashin bayan zai iya datse lakar, ba zai sake takawa ba. Wurin kuwa sun san shi, tunda kowace rijiyar da suka haƙa suna da lambobin inda take. Jirgi mai saukar ungulu zai taso. Abin da ake so a gare mu: fili mai faɗi, shimfiɗaɗɗe, ba itace, ba waya, kuma a kawar da duk wani tarkace.

"Jirgi?" in ji Maigari. "A garin nan nawa?" Dattijo ne mai kirki, har hawaye ya yi da ya ga Sani. Nan take ya ce filin Idi, wanda ke gab da tankin. Ya ce wa Isufu, "Koma wajen ɗan'uwanka, ka bar mini fili."

Daga inda nake durƙushe ina hango komai, sai dai ba ni da ikon motsi. Ƙuda na sauka a fuskata, gumi na shiga idona, hannuwana sun ƙage. Ina yi wa Sani addu'a a kunne, yana amsawa. Na ga an fito da tsintsiya an share filin tas, aka tsince duwatsu da kara. Na ce alhamdu lillahi. Can sai na ga an fara fitowa da tabarmi. Duk tabarmin da aka yi taron suna da su, da na masallaci, da na gidaje, aka jera su sahu-sahu kamar safiyar sallah. A tsakiya Maigari da kansa ya shimfiɗa dardumarsa ja, wadda ya zo da ita daga Makka, ba ya fito da ita sai babban baƙo. Aka kafa rumfar zana a gefe, aka jera kwanonin fura da faifai a kai, aka ɗaure rago a turke. Maza suka sa manyan riguna, mata suka yi layi.

Isufu ya ɗaga kai ya ce, "Ranka ya daɗe, an ce fa a kwashe tarkace."

Maigari ya ce, "An kwashe. Tabarma tarkace ce? Mutane za su taso daga birni don ɗanmu, mu sauke su a ƙasa kamar awaki?"

Wallahi ni ma a raina na ga kyan abin. Wa zai yi babban baƙo bai yi masa shimfiɗa ba?

Ƙarar jirgin muka fara ji, daf-daf-daf, kamar mata da yawa suna daka a turmi ɗaya. Sai ga shi daga arewa, fari da jan layi, yana ƙyalli. Gari ya ɗauki guɗa. Ya zagayo, ya fara saukowa.

'Yan'uwa, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Tabarmin nan gaba ɗaya suka miƙe tsaye, suka tashi sama kamar garken shamuwa. Faifai na yawo, murafen kwano na gudu, rumfa ta kife a kan fura. Rairayin da aka share ya zama ƙura, ya murtuke har rana ta ɓace. Rago ya tsinke igiya ya bi ta tsakanin ƙafafun liman. Huluna kuwa ba a magana. Dardumar Maigari na gan ta da idona ta yi sama tana juyi, ta nufi farfelar jirgin, saura ƙiris, sai iska ta kwashe ta ta maƙala a ƙolin wani gawo. Na kifa jikina a kan fuskar Sani. Da na ɗago, jirgin ya koma sama, ya karkata, yana tafiya.

Sani ya ce, "Yaya, ya tafi ko?"

Na ce, "Bai tafi ba." Ban sani ba a lokacin, bakina ne ya faɗa.

Wayar Isufu ta yi ƙara. Ya ɗauka, sai ya kara mini ita a kunne. Muryar mace ce, cikin ƙara, da Hausa tsantsa.

"Wace ce?"

"Yayarsa ce."

"Yayarsa, sunana Hadiza, ni ce nas. Saurara da kyau. Mai tuƙi ya ce tabarma ɗaya in ta shiga farfela, mu da ku duka mun halaka. Kuma ba ya ganin ƙasa saboda ƙura. Man da muke da shi ba na dogon shawagi ba ne. Zagaye kaɗan za mu yi, in fili bai gyaru ba, dole mu juya. Duk abin da iska za ta iya ɗagawa, a kwashe, ko takalmi ne. A jiƙa tsakiyar filin sharkaf. A yi mana hayaƙi can gefe, nesa, mu ga inda iska take kaɗawa. Mutane da dabbobi su koma bayan gidaje. Kin ji?"

Ni da ko a tsakar gidana ba a jin muryata daga zaure, ranar na ɗaga ta har maƙogwarona ya yi zafi. "A kwashe tabarmi! A kwashe komai! Ruwa! A kawo ruwa!" Maigari, kai ba hula, rawani a wuya, shi ya fara sunkuyawa yana naɗe tabarma yana cewa, "Ku yi abin da ta ce!"

Kwashewa ba ta yi wuya ba. Ruwa ne matsala. Tanki babu ko ɗigo, Sani da kansa ya juye shi. Mata suka ruga suka kinkimo tulunansu, abin da suka tanada na sha da girki, suka kwarara. Rairayin bazara ya shanye kamar ba a zuba ba. Aka kawo butocin masallaci. Aka kawo ruwan tsari. Wata har da ragowar furar da ta tsira. Duk da haka rabin wurin ne ya yi duhu. Jirgi ya zagayo ta kanmu ya sake wucewa.

Sai na hango Rakiya a ƙofar gida. Mai jegon kwana takwas, wadda ko zaure ba a bari ta leƙa, ta fito da jaririya a kafaɗa. Ta ce, "Duron wankana yana kan wuta, cike yake. Ku ɗauko."

Iya Gambo ta tare ƙofa da hannuwa biyu. "Ba a isa ba! Mai jego ta fasa wanka? Sanyi ya shige ta, ta kumbura, wa zai ba ni wata jikar? Uwata ba ta fasa ba, ni ban fasa ba!"

Rakiya ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Iya, in na yi wankan, wa zan koma wa?"

Tsohuwar ta dubi inda Sani yake kwance. Sai ta juya ciki da sauri, ta fito da bokiti yana tururi, tana tafe tana faɗa: "Ku matsa, ragwayen banza! Mijina ne, ni zan fara zubawa!" Maza suka zura itace a hannuwan duron suka ɗauko shi. Ruwan wankan jego, da ganyensa da komai, aka bi filin Idi da shi ana fesawa da reshen darbejiya, tururi na tashi, ƙamshin ganye ya cika wurin. Iya ta sa aka kwaso garwashin murhun a cikin kasko aka kai can ƙarshen fili, ta danna masa ɗanyen ganyen da ta tanada na wankan yamma. Farin hayaƙi ya miƙe, ya kwanta ya nufi yamma.

Kowa ya koma bayan katanga. Fili ya zama wayam, sai ni da Sani da Isufu a gindin tanki. Jirgi ya zagayo, ya fuskanci inda iska ke fitowa, ya sauko a hankali, a hankali, hijabina na kaɗawa kamar zai tsinke, na danne shi da haƙora. Ya dire a kan jiƙaƙƙen wurin nan daidai, kamar kaza a kan ƙwai. Allahu Akbar! Kabbarar da garin ya yi ta fi ƙarar injin.

Nas Hadiza ta fito a duƙe ita da wani lokotoro. Gajeriya ce kakkaura, da wando da ɗankwali. Wani mutum ya taso zai zagaya ta bayan jirgin don ya taimaka, ta daka masa tsawar da ta mayar da shi: ashe akwai wata ƙaramar farfela a wutsiya wadda ido ba ya gani in tana juyi. Suka sa wa Sani wani abu mai tauri a wuya, suka mirgina shi gaba ɗaya kamar gungume a kan wani allo, suka ɗaure. Sannan ta ce, "Yayarsa, saki, kin gama." Hannuwana suka ƙi buɗewa, sai da ta ɓamɓare mini yatsu ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce akwai wurin mutum ɗaya. Rakiya ta dube ni, na dube ta, ita mai jego ce ga jaririya a hannu. Na ce a kira mini Malam, don iznin Tudun Gawo ya ba ni, bai ba ni na sama ba.

"Malam, jirgi zan shiga."

"Jirgi? Binta, suna na aike ki ko Umara?"

Na faɗa masa cikin kalma kaɗan. Ya ce, "Shiga! Shiga mana! Ki yi addu'ar hawa abin hawa."

To ga amsar tambayarku. Ba a jin kiran sallah, ba a jin komai, wasu manyan abubuwa ake kifa wa mutum a kunne. Da jirgin ya tashi sai na ji cikina ya zauna a ƙasa ni na yi sama. Na runtse ido ina karanta duk abin da na haddace. Da na buɗe, sai ga Tudun Gawo kamar an kife ƙoƙuna a faranti, ga baƙin tabo a tsakiyar filin Idi, ga jan abu a kan gawo. Shanu kamar tururuwa. Na nemi iyaka ban ga komai ba, ƙasar Allah ce shimfiɗe. Astagfirullah, ƙanena na kwance ana yi masa ƙarin ruwa, amma sai da na ji daɗi ya kama ni kamar yarinya a kan lilo. Sani ya lura. Bakinsa ya motsa, na karanta: "Yaya, rufe baki."

Tafiyar da mota za ta wuni tana yi, kafin azahar mun sauka a Damagaram. Aka yi hoto, aka ce ƙashin baya ya tsage ya danne laka, amma bai datse ta ba. Za a kwantar da shi a ɗaure, a jira kumburi ya sauka. Ko zai taka, ko ba zai taka ba, lokotoro ya nuna sama da yatsa.

Kwana ukun Malam suka zama mako-mako. Masaukina gindin wata bishiya ce a harabar asibiti, tare da sauran masu jinya. Wata Buzuwa mai jinyar mijinta ta raba tabarmarta da ni, ba ta jin Hausa sosai, ni ba na jin yarenta, amma mun yi hira har ta gaji. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ranar farko na ɗauka ya bushe ne na mayar wa mai shago, ya yi ta dariya. Abin da ya fi ba ni mamaki mata a kan babur, su ke tuƙa kansu, da goyo, da kwandon cefane. Na tuna mu da ko hawa bayan ɗan acaɓa sai an yi mana wa'azi.

Sani yana sallah a kwance, da ido da kai. Abin da ya fi damunsa ke nan. Kullum da safe in na goge masa jiki sai in mintsini babban yatsan ƙafarsa, in dubi fuskarsa, ba komai. In fita bayan ɗaki in share hawaye in dawo. Wata safiya na mintsina ina ba shi labarin Buzuwa, sai ya ce, "Kai Yaya, wannan wace irin mugunta ce?" Na tsaya. Na sake mintsinawa da ƙarfi. Ya ce, "Wash!" Na faɗi na yi sujada a tsakiyar ɗakin, nas-nas suna tsallake ni.

A mota muka dawo, yana kwance a kan katifa, ta Matamai zuwa Kongolam. Jami'in nan mai gashin baki ya gane ni, ya ce matarsa na gaisuwa, kuma yajin ya ƙare. Malam na tsaye a bakin igiya, ya leƙa motar ya ce, "Sani, tuwon mako nawa nake bin ka?" Sai kuma ya juya baya yana goge ido da hannun riga.

Da Rakiya ta yi arba'in, Iya Gambo ta rako ta Daura da kanta. Rakiya ba ta kumbura ba, amma Iya ta ce sai da ta rama wankan nan da aka fasa, har da ƙari. Ta kwance wani ƙunshi ta ce saƙon Maigari ne. Darduma ce ja, gefe ɗaya ƙaya ta yage shi. Sai da aka sassare reshe kafin a sauko da ita. Maigari ya ce a gaya wa Sani, baƙon da aka shimfiɗa wa ya ƙi zama, to shi ya zauna.

Sani bai zauna ba. Lokacin yana takawa da sanda, daga gado zuwa ƙofa. Da aka kira la'asar ya ce in shimfiɗa masa ita a tsakar gida. Ya jingina sandar da bango, ya saki. Ni da Rakiya da Iya muka zuba masa ido. Ƙafafunsa na rawa, ya gyara tsayuwa, ya fuskanci gabas, ya ɗaga hannuwa biyu.

"Allahu Akbar."